Aji Biyu Daga Sharaɗa, Da Wata Uku Na Bin Takarda

A daminar 2022, daren da jinga ta ɓalle ta gabas da gari, babu wanda ya tuna da makaranta. Kowa ta kansa yake, ana kwashe yara da tsofaffi zuwa tudu. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka shiga kwalekwale, ni da Liman, muka je duba Islamiyyarmu. Ginin ƙasa ne mai aji uku, iyayenmu suka yi shi da gayya. A kan idonmu bangon kudu ya sulale cikin ruwa kamar sukari a shayi, ba ƙara ba komai, azara ta biyo shi a hankali. Alluna na ta yawo a kan ruwa. Liman ya yi salati, ya naɗe hannun riga, ya shiga tsintar su ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a kwalekwale.

Duk wanda ya zauna a bakin kogin Haɗeja ya san wannan hali. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, idan damina ta yi nauyi, madatsun ruwan Tiga da Challawa suka cika, mu na ƙasa mu ke karɓa. Shekara ɗaya da rabi yaranmu suka yi suna karatu a zauren Dagaci da gindin darbejiya.

Ni malamin firamare ne, kuma sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, shi ya sa ɗawainiyar ta hau kaina. Mun yi karo-karo bayan kakar riɗi da ta shinkafa, 'yan garinmu da ke Kantin Kwari da Dawanau suka cika mana. Sai dai kuɗin na taruwa, kaya na gudu. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, zuwa Fabrairun 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000. Birkila ya yi mana lissafin aji biyu na bulo, muka dubi juna. A nan ne Yayana, ɗan wan babana da ke kasuwanci a Kano, wanda ya ba da kaso mafi tsoka, ya kawo shawarar ginin kamfani, irin wanda ake ƙerawa a masana'anta a kawo a haɗa. Wasu na ce masa fotakabin, mutanen gari kuwa kwantena suke cewa, ko da yake ba kwantena ba ce. Abin da ya ja hankalinmu shi ne in ruwa ya sake korar mu, ana iya kwance shi a kai tudu.

Muka je wata masana'anta a Sharaɗa. Babbar rumfa ce, samari na walda, ƙarafa a jere. Bangon kwano biyu ne aka manna da farin soso a tsakiya, kaurinsa kamar yatsu uku. Manajan ya ce sati uku su gama, kwana uku su haɗa. Ya miƙo mini zane shafi huɗu, hoton kwafi ne, har layukan sun fara dusashewa saboda yawan kwafa. Ya ce sun yi wa mutane da dama irinsa, inci ɗaya bai canza ba. Na tambaye shi batun izini, ya ce wannan tsakaninmu ne da hukumarmu.

A ƙauye babu mai neman izini kafin ya gina ɗaki. Mai unguwa ya nuna maka iyaka, maƙwabta su shaida, shi ke nan. Ni ma da farko haka na so a yi. Yaya ya ƙi. Ya ce, "Ƙanina, filin nan a bakin titi yake. Ba zan zuba kuɗin jama'a a abin da wata rana za a zo a shafa wa jan fenti ba. Kuma in kun tashi yi wa makarantar rajista, takardar gini za a fara tambayar ku." Gaskiya ya faɗa. Na sayi fayil mai igiya a tasha, na rubuta sunan makaranta a bayansa.

Matakin farko bai ba ni wahala ba. Filin waƙafi ne wani gida ya bayar, sai aka tara magada a gaban Dagaci kowa ya dangwala. Ɗaya daga cikinsu tana aure a Gumel, na bi ta har can da takarda da tawada. Hakimi ya sa hannu ranar da muka je, ya yi mana addu'a. A sakatariyar ƙaramar hukuma jami'in ƙasa ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba: a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin da ba ya cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakarsa ta gargajiya, na birni kuwa sai gwamna. Safiyo ya zo ya yi awo ya kafa duwatsun iyaka. Mako biyu aka gama. Na ɗauka an ci rabin aiki.

Ranar wata Litinin na yi sammako, na bi ta Jahun da Kiyawa na shiga Dutse, na sami ofishin da ke duba izinin gini. Wani dattijo mai gilashi ya karɓi fayil ɗina. Ya buɗe takardun fili ya gyaɗa kai. Da ya kai kan zanen sai ya tsaya, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya cire gilashi.

"Malam, wannan gini ne ko kaya ne?"

Na ce, "Yallaɓai, aji ne, yara za su zauna a ciki."

Ya jawo fom ya nuna mini. Akwai wurin rubuta irin bango: bulo, jan bulo, ko ƙasa. Akwai wurin kaurin fandisho, da girman rodi, da yawan ginshiƙai. Babu gurbi ko ɗaya da zai ɗauki kwano biyu da soso a tsakiya. Ya ce hanya biyu ce. In na kira shi na wucin gadi, kamar shagon mai caji a bakin titi, izinin mai sauƙi ne, amma sai an riƙa sabuntawa, kuma ba zai yi mini amfani wajen rajistar makaranta ba. In na kira shi na dindindin, to sai na kawo duk abin da mai gina bene zai kawo: zanen mai tsara gini da hatiminsa, lissafin injiniya da hatiminsa, kwafi-kwafi. Kuma ko da na kawo, shi ba zai yanke hukunci a kan irin wannan ba sai ya ji ta bakin na sama da shi.

Ban ga laifin dattijon nan ba, har yau ban gani ba. Sa hannunsa ne zai hau takardar, in rufi ya faɗo wa yara shi za a fara nema. An ba shi ma'aunin bulo ne, aka kawo masa ƙarfe. Amma ni da ke biyan kuɗin mota daga aljihun talakawa, kowace "dawo jibi" tana nufin tiya kaza ta riɗi. Na dawo jibin, babban ya yi tafiya. Na sake dawowa, ana taro. A zuwa na huɗu aka ce a bi hanyar na dindindin.

Na koma Sharaɗa neman zane mai hatimi. Manajan ya ce su ba su da shi, wanda ya zana musu tun farko ya bar aiki da daɗewa. Ya ba ni lambar wani injiniya da kwastomominsu kan je wurinsa.

Injiniyan matashi ne, ofishinsa ɗaki ɗaya a saman wani shago. Yana ganin takardun ya ce, "Baba, wannan ai na san shi." Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini zanen nan dai, sak, da sunan wani asibitin sha-ka-tafi a kai, ya sake buɗe wani da sunan wata gonar kaji. Ni ne na uku da ya zo masa da shi. Ya ce dole ya sake fitar da lissafi da sunanmu, ya buga hatiminsa na COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, abokinsa mai rajistar ARCON, hukumar masu tsara gini, ya buga nasa a zanen fasali, kuma dole mu biya, domin kowane hatimi alhaki ne sabo a wuyansa. Na ce to tunda abu ɗaya ne, me ya hana hukuma ta duba shi sau ɗaya, a huta?

Ya tura kujerarsa baya ya ce tambayar da ya daɗe yana yi ke nan. A Amurka, in ji shi, majalisarsu ta yi doka a 1974, ta fara aiki a Yunin 1976, a kan gidajen kwana da ake ƙerawa a masana'anta a jawo su da mota. Ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ita ke riƙe da ƙa'idar. Akwai masu binciken da ta amince da su, wasu aikinsu duba zanen kamfani su amince da shi tun kafin a yanka ƙarfe, wasu aikinsu shiga masana'anta su ga ana bin zanen. Gidan da ya cika sharaɗi sai a manna masa jan faranti na ƙarfe mai lamba. Kamfani ne ke biyan kuɗin farantin, wanda a 2014 aka mayar dala 100 a kan kowane sashe na gidan, kuma da wannan kuɗi ake tafiyar da aikin sa ido. Hukumar garin da za a kai gidan ba ta sake tuhumar bango da rufi, abin da ya shafe ta shi ne fili da yadda aka kafa shi.

A nan kuwa, ya ce, muna da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma tsara gari hurumin jihohi ne, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2003, don haka kowace jiha da nata fom da nata lissafi. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, na ba da shaidar inganci ga kayan da aka ƙera a gida, amma izinin kafa gini ba a hannunta yake ba. Abin da muka saya ya faɗa tsakani: ga masu duba kaya gini ne, ga masu duba gini kaya ne.

Mako biyu ya ɗauka. Ya ƙara kaurin ƙarafan da ke riƙe da rufi, ya ce na zanen sun yi siriri ga iskar karkara inda babu gine-ginen da za su kare. Kamfanin ya ƙara kuɗi kaɗan ya yarda. Na tambayi kaina a mota, waɗanda suka saya ba su bi ta wurin injiniya ba fa, da wane ƙarfe suke kwana?

Na kai kwafi huɗu Dutse. Aka lissafa kuɗin izini bisa faɗin ginin, na biya a banki na kawo rasit. Wannan kuɗi bai ɗaga mini hankali ba, a rubuce yake, kuma bai kai abin da na zata ba. Abin da ya rage shi ne a zo a ga fili. A nan aka gaya mini a fili cewa motar fita duba aiki tana gareji, kuma babu kuɗin mai. In ina so a zo da wuri sai na samo mota, in ba haka ba sai na jira ranar da aka tara ayyukan yankinmu a fita gaba ɗaya, kuma babu mai iya cewa yaushe.

Raina ya ɓaci, har na ɗaga murya. Wani ma'aikaci da ke gefe, wanda zai yi sa'ar ƙanina, ya ja ni waje ya ce, "Malam, zauna in nuna maka." Ya ɗauki rasit ɗina ya karanta adadin. Ya lissafa man zuwa garinmu da dawowa a farashin lokacin, lita ta haura naira 600. Ya sa alawus ɗin direba da jami'i biyu na yini guda. Ya ce duba fili sau biyu ake yi, kafin a zuba kankare da bayan an gama. Kafin ya kai ga albashin waɗanda suka zauna suka karanta zanen, lissafin ya cinye abin da na biya ya nemi ƙari. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta, in ji shi, mutanen da suka iya karanta lissafin ƙarfe a ofishin kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Kuma kuɗin da na biya asusun gwamnati ya tafi, ba teburinsu ya dawo ba.

Wannan ne karon farko da na fahimci cewa duba gini shi ma aiki ne mai cin kuɗi, kamar haƙa fandisho. Ba na cikin masu cewa a soke shi. Amma idan gwamnati ta ɗora wa kanta aiki ba ta ware masa mai da mota ba, kuɗin ba ya ɓacewa, gangarowa yake yi ya faɗa kan wanda ya fi kowa nisa da ofishi. Mai gini a cikin Dutse acaɓa zai ɗaukar wa jami'i. Mu sai da muka yi shatar mota ta yini guda.

Sun zo cikin azumi, a ƙarshen Maris, rana na dukan ƙwaƙwalwa. Jami'in da ya jagorance su bai ko kalli zanen ba da farko. Ya zagaya filin, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu. Sannan ya nufi tsohuwar tsamiyar da ke gefen titi ya tsaya yana duban jikinta. Akwai wani layi baƙi-baƙi da ruwan 2022 ya bari, ya kai ƙugun babban mutum. Ya kira Dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ruwa ya tsaya?" Dagaci ya ce nan ne, kwana goma sha ɗaya. Ya sa aka ɗaura igiya daga layin, aka ja ta da ma'aunin ruwa na birkila har tsakiyar filin. Inda muka yi niyyar kafa ajin, igiyar ta wuce gwiwata da tazara. Zanen kamfani kuwa dandamali mai tsayin bulo ɗaya ya nuna, domin an yi shi ne don harabar da ke da daɓe a birni.

Ya ce a matsa da ginin arewa, inda ƙasa ta fi tudu kuma jigawa ce, ba laka ba. A ɗaga dandamali ya wuce igiyar da taƙi biyu. Kuma kada a yarda a ɗora ginin kawai a kan kankare a buga masa ƙusa daga baya, a dasa ƙarafa masu noti tun kankaren yana ɗanye, a kowace kusurwa da tsakiya, domin gini marar nauyi iskar farkon damina ɗaukar sa take yi ɗungurungum. Ya rubuta duk wannan da jan biro a bayan zanen. Bai karɓi komai ba sai kankana biyu da Liman ya sa a but ɗin motar don buɗa baki.

Gyaran nan ya ci mana siminti da yawa a lokacin da ya fi tsada, da tifa-tifa na ciko. Wasu dattawa sun yi gunaguni, suka ce mun kira hukuma ta ƙara mana aiki. Matasa suka yi gayyar cikon kwana uku bayan an sha ruwa, da fitilar waya. Ni dai a cikin duk abin da na biya da duk zirga-zirgar da na yi, sau bakwai Dutse, sau huɗu Kano, awa biyun nan da mutumin ya yi a filinmu su ne abin da babu wanda zai iya yi mana daga nesa. Sauran kuwa, karanta zane ɗaya da aka riga aka karanta, da buga hatimi a kan abin da aka riga aka buga wa hatimi, aiki ne da ya kamata a yi shi sau ɗaya a Sharaɗa, kamfani ya biya, ya raba kuɗin a kan duk ajin da zai sayar. Da na haɗa kuɗin mota, da na hatimi, da na kwafi, da shata biyu, sun ninka kuɗin izinin kansa fiye da sau huɗu.

Takardar izini ta fito bayan ƙaramar Sallah. Motoci biyu ƙirar Kanta suka kawo kaya, gari ya fito kallo. Cikin kwana uku, kamar yadda manajan ya ce, aji biyu suka tsaya, fari fes, da tagogi shida-shida.

A rana ta biyu ta haɗa ginin ne na ga abin da ya hana ni barci. Mai walda yana gyara ƙarfen matakala, tartsatsi ya faɗa kan wani guntun bango da aka yanke aka yar. Kafin ka ce kwabo farin soson ya narke ya kama, yana ɗiga kamar leda, baƙin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro na tashi. Yaro ya zuba masa ƙasa ya mutu. Na ɗauki guntun ina dubawa, kwano biyu da rami a tsakiya. Na kira Injiniya a waya. Ya ce soso iri-iri ne, akwai mai saurin kamawa, akwai wanda aka yi wa magani, akwai ma na ulun dutse da ba ya ci, amma ya fi tsada da nauyi. Zanen bai faɗi wanne ba ne, kauri kawai ya faɗa. Shi ƙarfe aka ba shi ya lissafa. Jami'an Dutse takarda da fili suka duba. Safiyo iyaka ya auna. A cikin duk hannuwan da fayil ɗina ya bi, babu wanda aikinsa ne ya taka ƙafa cikin masana'antar ya tambayi me ake cusawa a bangon da yara tamanin za su jingina da shi.

Muka tara abin da ya rage a asusu muka sa aka buɗe ƙofa ta biyu a bayan kowane aji. Wayar sola an bi da ita ta waje cikin bututu, ba a huda bango ba. Liman ya hana shiga da aci-bal-bal ko garwashin turare, karatun dare kuma ya koma waje kan tabarma kamar da. Akwai bokitin yashi huɗu a bakin ƙofa, kuma duk ranar Asabar ina dubawa ko yara sun zubar sun yi wasa da shi.

Bayan kaka sakataren ƙungiyar wani gari da ke hayin kogi ya zo wurina a kan babur. Su ma ajinsu ya tafi a ruwa, sun ga namu, sun je Sharaɗa, an ba su zane shafi huɗu. Ya zaro shi daga aljihu, na gane shi tun kafin ya warware. Na shiga ɗaki na ɗauko fayil ɗina mai igiya, na ba shi ya kwafi lissafin Injiniya da rubutun jan biro, ko da yake na san sai an sake buga masa hatimi da sunansu. Na haɗa masa da ƙonannen guntun bangon a leda, na ce ya fara kai wa manajan ya tambaye shi irin soson kafin ya ba da ko sisi. Ya ɗaure fayil ɗin a bayan babur da roba, ya tambaye ni ƙarfe nawa motar farko ta Dutse ke tashi.